Thunderbird na ta ƙin karɓar faswod ɗina, kuma imel ɗin ofis ba ya fita

Tambaya: Assalamu alaikum malam, dan Allah a taimaka min. Na sa manhajar imel ta Thunderbird a kwamfutata don in haɗa imel ɗina guda biyu waje ɗaya, na Gmail da kuma na ofis wanda ke ƙarewa da sunan kamfaninmu. Na Gmail kullum sai ya ce faswod ba daidai ba ne alhali da shi nake shiga a burauza, har na canza shi sau uku. Na ofis kuma saƙo na shigowa lafiya lau amma in na tura ba ya fita. Sannan na lura tsofaffin saƙonnin ofis sun fara ɓacewa daga wayata. Ko dai kutse aka yi min ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, daga abin da ka bayyana ban ga alamar kutse ba. Matsala uku ce daban daban ta haɗe maka a lokaci ɗaya shi ya sa abin ya yi kama da aikin ɓarawo. Kuma dan Allah ka daina canza faswod ɗin nan haka, ba laifinsa ba ne, in ka ci gaba ma kai da kanka za ka manta wanne ne na ƙarshe.

Bari in fara da wanda ya fi ba ni tsoro, wato ɓacewar saƙonni, don shi ne kaɗai a cikin ukun da zai iya ja maka asara. Hanya biyu ce manhajar imel ke karɓo saƙo daga saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe imel ɗinka a intanet, akwai POP akwai IMAP. POP tsohon tsari ne na zamanin da mutum ke da kwamfuta ɗaya tal, aikinsa ya je ya kwaso wasiƙunka ya kawo cikin kwamfuta, in ba a hana shi ba kuma ya share na can. IMAP kuwa barin su yake a saba, kwamfuta da waya duk leƙawa suke suna ganin abu ɗaya, in ka karanta a nan can ma zai nuna an karanta. Kusan na tabbata da POP ka haɗa na ofis ɗin, domin Thunderbird in aka haɗa shi da POP ba a taɓa komai ba, yana barin saƙo a saba na kwana 14 ne kawai sannan ya goge. Ka ga dalilin da ya sa tsofaffi ne ke tafiya, sababbi suna nan. Ba su ɓata ba, suna cikin kwamfutar, amma fa yanzu can ne kaɗai suke a duniya.

To abin da za ka yi yau ɗin nan kafin komai, ka shiga Account Settings a cikin Thunderbird, ka danna Server Settings a ƙarƙashin akawun ɗin ofis, sama sama za ka ga an rubuta POP ko IMAP. In POP ne ka duba inda aka ce Leave messages on server, ka bar alamar da ke kansa, ka cire ta ƙasansa mai maganar kwana 14 ɗin da kuma mai cewa Until I delete them. Shi ke nan ka tsayar da zubar.

Daga nan sai maganar komawa IMAP, kuma a nan mutane ke yin ɓarna. Ba a juya akawun ɗin POP ya zama IMAP ta hanyar canza suna ko lamba, sabo ake ƙirƙira a gefensa. Kada ka kuskura ka goge tsohon tukuna. Ka haɗa sabon da IMAP, ka tabbatar yana aiki, sai ka riƙa zaɓar tsofaffin saƙonnin kana kwafa su zuwa foldar sabon, kaɗan kaɗan, ɗari biyu ɗari uku, ba dubu biyar a tashi ɗaya ba don in intanet ta yanke a tsakiya ba za ka san inda ka tsaya ba. Kana kwafa suna hawa saba, za ka ga suna dawowa a waya. Na taɓa zama da wani bawan Allah da ya goge akawun ɗin POP har ya sa alama a akwatin da ke tambaya ko a haɗa da bayanan saƙonni, wai yana so ya fara sabo fes, wasiƙun shekara huɗu suka tafi, yana ta buɗe waya yana rufewa ko za su fito. Sai da muka tono wata tsohuwar ajiya a faifan waje muka samo rabi.

Sai na Gmail. Faswod ɗinka daidai ne, Google ce ta daina karɓarsa ta wannan ƙofar. Tun ƙarshen watan Mayun 2022 ta rufe wa akawun ɗin mutane damar manhaja ta shiga da suna da faswod zalla, Microsoft ma ta yi irin haka wa masu Outlook.com da Hotmail a Satumbar 2024. Yanzu tsarin da ake bi sunansa OAuth2, ma'ana manhajar ba ta riƙe faswod ɗinka ko kaɗan, ƙaramar taga ce za ta buɗe da shafin Google na gaske ka shiga a can, ka amince, sai Google ta ba Thunderbird wata shaida ta musamman da zai riƙa nunawa. A Server Settings na akawun ɗin Gmail ka nemi Authentication method ka mayar da shi OAuth2, saba ta zama imap.gmail.com, lambar ƙofa, wato Port, 993, tsaro SSL/TLS. Ka je ɓangaren turawa ma, wato Outgoing Server da ke ƙasan jerin Account Settings, ka yi masa haka, smtp.gmail.com da 465, shi ma OAuth2. Mutane da yawa suna gyara ɗaya su manta ɗayan.

In tagar ta buɗe ta tsaya fari fat ko tana ta dawo da kai farko, yawanci kukis, wato ƙananan bayanan da shafi ke ajiyewa don ya riƙa gane ka, aka kashe a cikin Thunderbird ɗin kansa, ka je Settings, sai Privacy & Security, ka kunna. A wurin nan dai akwai Saved Passwords, ka buɗe ka goge duk layin da ke da gmail a ciki, tunda ka canza sau uku akwai yiwuwar tsohon yana maƙale yana ta gwada shi. In kuma manhajar tsohuwa ce sosai har babu OAuth2 a jerin, sabunta ta ya fi. Akwai wata hanya ta faswod na manhaja mai harafi 16 da Google ke bayarwa ga wanda ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, yana aiki, amma ni ban cika tura mutane can ba sai in dole.

Yanzu na ofis da ba ya fita. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne karɓa da turawa ƙofa biyu ce, kowacce da sabarta da lambarta da izininta, don saƙo na shigowa ba ya nufin ɗayar ma lafiya take. Turawa aikin SMTP ne. A can ƙasan jerin Account Settings akwai Outgoing Server, ka buɗe na ofis ka duba lamba. In ka ga 25 to ga ɓarawon nan, kamfanonin intanet da yawa sun toshe ta saboda masu watsa saƙon banza. Ka sa 587 tare da STARTTLS, ko 465 tare da SSL/TLS, kada ka gauraya su, 465 da STARTTLS ba sa tafiya tare, zai yi ta juyawa har ya gaji. Wajen sunan shiga ka rubuta cikakken adireshin har da abin da ke bayan @, ba sunanka kawai ba. Sunan sabar kuma kada ka yi ta hasashe, mai kula da imel ɗin ofishinku ko kamfanin da ke riƙe muku shi ne zai ba ka.

Akwai kuma wani abu da ke faruwa musamman ga mai akawun biyu irinka. Ka danna sunan akawun ɗin ofis ɗin kansa a jerin, a ƙasa za ka ga wace sabar turawa aka ɗaura masa. Sau da yawa za ka tarar ta Gmail ce, tunda ita aka fara sawa ta zama ta gaba, kenan wasiƙar ofis na ƙoƙarin fita ta ƙofar da ita kanta a kulle take. Ina kyautata zaton naka haka ne ma. Ka zaɓa masa tasa.

In duk ka yi wannan bai tafi ba, karanta abin da Thunderbird ya rubuto maka kafin ka danna OK, akwai lamba a ciki. 535 na nufin an ƙi sunan shiga ko faswod. 550 ko wani abu mai maganar relay yawanci saba ce ke cewa ban san ka ba, ba zan kai maka ba, ko kuma adireshin wanda ka tura wa ne babu shi. In maganar satifiket yake yi, wato shaidar tsaron sabar, kalli agogon kwamfutar tukuna, kwanan wata in ya kauce duk wata haɗuwa mai tsaro sai ta lalace, kuma a tsohuwar kwamfuta ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke kan allon ciki ne ke mutuwa ya mayar da ita shekarun baya. Wani lokacin kuma antibairos ne mai binciken imel ke shiga tsakani, ka kashe wannan ɓangaren na minti biyu ka gwada ka mayar. Kuma gwajin ka yi shi da saƙo mai kalma ɗaya zuwa ga kanka, ba mai ɗauke da fayil ba, don Gmail ma iyakarsa MB 25 ne, sabar ofis tana iya zama ƙasa da haka.

In har yanzu ya ƙi, ka sake rubuto min ainihin saƙon kuskuren harafi da harafi, da lambar ƙofa da nau'in tsaron da ka sa a ɓangaren biyu. Faswod ɗin dai ka bar shi a wajenka, ba na buƙatarsa.