Tambaya da Amsa: Awon Saurin Rubutu a Allon Tsofaffin Kwamfutoci

Tambayoyin wannan fitowa sun taru ne a kan abu ɗaya: ƙananan manhajojin da ake ɗora wa kwamfutocin shekarun 1980 don rubutu ya riƙa fita a allo da hanzari, da yadda mutum zai auna ya gane ko aikin da aka ce suna yi da gaske ne.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na ga ana cire ANSI.SYS, direban allo (ƙaramar manhajar da ke kai rubutu allo) da ke zuwa tare da tsarin aiki na DOS, a tsohuwar kwamfuta a sa NANSI.SYS, wai don rubutu ya ƙara sauri. Inji bai canza ba, allo bai canza ba. To ta ina saurin yake fitowa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Saurin yana fitowa ne daga taƙaita hanya. A IBM PC ta 1981 da 'yan uwanta, allon rubutu layi 25 ne, kowane layi harafi 80, wato gurbi 2,000. Kowane gurbi yana cin bayit 2, ɗaya na harafin, ɗaya na launinsa, jimilla bayit 4,000. Waɗannan bayit suna zaune a ma'ajiyar katin allo, a adireshin B800:0000 idan CGA ne (katin allo mai launi), ko B000:0000 idan MDA ne (katin allo mai launi ɗaya). Duk abin da aka zuba a wurin, nan take zai bayyana.

Hanya uku ake bi a isa wurin. Ta farko ita ce ta DOS: manhaja ta kira INT 21h (ƙofar neman aiki daga DOS), DOS ya miƙa wa direban CON (sunan da DOS ke kiran allo da madannai), shi kuma ya miƙa wa BIOS (manhajar da ke dashe a cikin injin). Ta biyu, a tsallake DOS a kira INT 10h na BIOS kai tsaye. Ta uku, a tsallake kowa a rubuta a ma'ajiyar katin da hannu. A hanyar farko kowane harafi ɗaya sai an adana rajistoci, an duba yanayin allo, an lissafa adireshi, an rubuta, sannan an aika wa katin sabon matsayin alamar nan mai ƙyaftawa. A kan furosesa 8088 mai gudun 4.77 MHz wannan hidima ta fi rubuta harafin kansa tsada nesa ba kusa ba. Abin da NANSI.SYS da FANSI-CONSOLE da NNANSI suke yi shi ne su karɓe kujerar CON, su rubuta a ma'ajiyar katin da kansu, kuma idan an ba su jerin haruffa a dunƙule, ba sa motsa alamar sai sun gama.

TAMBAYA: Ina da direbobi biyu, kowanne takardarsa ta ce shi ne mafi sauri. Yaya zan auna da kaina ba tare da na ruɗi kaina ba?

AMSA: Wannan ita ce tambayar da ta fi cancantar a zauna a kanta, domin yawancin alƙaluman da ake yaɗawa a kan irin waɗannan manhajoji sun haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba: lokacin rubuta harafi, da lokacin gungura allo, wato tura layuka sama idan rubutu ya kai ƙasa. Gungurawar layi ɗaya tana nufin kwashe layi 24, kowanne bayit 160, wato bayit 3,840, sannan a share layin ƙarshe. Direba yana iya ƙwarewa a ɗaya ya yi rauni a ɗayan.

Saboda haka fayil uku za ka shirya. Na farko, a kira shi A.TXT, layi 1,000, kowanne harafi 79 da CR (koma farkon layi) da LF (sauka layi na gaba) a ƙarshe, girmansa bayit 81,000. Kada ka sa harafi 80: idan layi ya cika, alamar tana sauka da kanta, sai CR da LF su ƙara saukar da ita, ka tashi da gungurawa biyu a kowane layi ba ka sani ba. Na biyu layi 1,000 masu harafi ɗaya-ɗaya. Wannan kusan gungurawa zalla yake aunawa. Na uku kamar na farko ne, amma CR kaɗai a ƙarshen layi, babu LF. Rubutun zai yi ta hawa kan layi ɗaya, allo ba zai motsa ba, ka ga ka sami lokacin rubutu shi kaɗai. Kada ka sa TAB a cikinsu, don DOS yana mayar da shi fili-fili, kuma kada Ctrl-Z ya faɗa tsakiya, don TYPE, umarnin DOS da ke nuna fayil a allo, yana tsayawa a kansa.

Sai batun faifai. Idan daga fulofi ake karanto fayil ɗin, rabin abin da kake aunawa juyin faifai ne. Ka buɗe faifan ma'ajiya da VDISK.SYS ko RAMDRIVE.SYS ka zuba fayilolin can. Ko da hakan, ka fara gudanar da TYPE A.TXT > NUL ka rubuta lokacinsa; NUL yana haɗiye rubutun ne ba tare da ya kai allo ba. Wannan shi ne nauyin buhu, wanda za a cire kafin a san nauyin kaya.

Agogon kwamfutar ma yana da iyakarsa. Guntun 8253 yana karɓar bugu 1,193,182 a daƙiƙa, ana raba shi da 65,536, sai a sami bugu 18.2 a daƙiƙa, kimanin daƙiƙa 0.055 tsakanin bugu da bugu. BIOS yana ƙirga su a 0040:006C. Lokacin da DOS yake nunawa da lambobi biyu bayan ɗigon daƙiƙa daga wannan ƙirga yake, don haka kada adadin ya yaudare ka. Tsalle yake yi biyar-biyar ko shida-shida. Gwajin daƙiƙa 1 bugu 18 ne kacal, kuskuren bugu ɗaya ya haura kashi 5 cikin 100. Gwajin daƙiƙa 20 bugu 364 ne, kuskuren bai kai kashi 0.3 ba. Idan direba ya gama fayil cikin daƙiƙa 2, ka maimaita fayil ɗin sau 10 ka raba. Kuma ka guji gwajin da zai ƙetare 12 na dare, domin ƙirgar tana komawa sifili.

Hanya mai sauƙi ta ɗaukar lokaci ita ce layi ɗaya a GW-BASIC: T=TIMER: SHELL "TYPE A.TXT": PRINT TIMER-T. SHELL yana ɗora COMMAND.COM kowane lokaci, amma tunda gwajin NUL ma ta nan zai bi, cirewa za ta share wannan. Abin da ba za ka yi ba shi ne ka auna da PRINT na BASIC ɗin kansa, domin ba ta direban CON yake bi ba.

Kowane direba a ba shi nasa CONFIG.SYS (fayil ɗin da DOS ke karantawa yayin kunnawa don ɗora direbobi), a sake kunna kwamfuta tsakaninsu, a cire duk manhajar da ke zaune a ma'ajiya kamar agogon kusurwar allo, a tabbata maɓallin Turbo yana wuri ɗaya. A share allo da CLS kafin kowane zagaye. Zagaye biyar, a ɗauki na tsakiya.

Wajen faɗin sakamako kuma a kula. A ɗauka ANSI.SYS ya ci daƙiƙa 42, sabon direba ya ci 12, NUL ya ci 2. Lokacin gaskiya 40 da 10 ke nan. Saurin ya ninka sau 4, lokacin ya ragu da kashi 75 cikin 100. Magana ɗaya ce, amma mai talla zai rubuta kashi 300 na ƙarin sauri, wani ya rubuta kashi 75, mai karatu ya zaci gwaji biyu ne dabam. Mun fi son a rubuta haruffa nawa a daƙiƙa da layuka nawa a daƙiƙa: a misalin nan 79,000 a raba 10, haruffa 7,900 a daƙiƙa.

TAMBAYA: Na sa direban. TYPE ya ɗan ƙara sauri, amma bai kai yadda aka zuzuta ba. Lotus 1-2-3 kuwa ko gezau.

AMSA: Lotus 1-2-3 ba zai canza ba, kuma babu laifin direban. Tun fitowarsa a 1983 yana rubutu kai tsaye a ma'ajiyar allo, wanda yana cikin dalilan da suka sa aka san shi da sauri. Haka duk manhajar da aka rubuta da Turbo Pascal 4.0 zuwa sama ta yi amfani da sashen Crt, muddin DirectVideo yana kunne. Wanda bai bi ta ƙofarka ba, ba ka da yadda za ka gaggauta shi.

Shi kuwa TYPE, abin da ya riƙe shi yanayin CON ne. DOS yana da yanayi biyu da masu harkar suke kira dafaffe da ɗanye. A dafaffe, wanda shi ne na yau da kullum, DOS yana tsinka rubutun harafi-harafi, yana faɗaɗa TAB, yana leƙa ko an danna Ctrl-C ko Ctrl-S ko Ctrl-P, sannan ya miƙa. Direba komai ƙwarewarsa cokali-cokali ake ba shi. A ɗanye, dukan jerin ake miƙa masa a kira ɗaya, kuma a nan ne manyan alƙaluman takardun suke fitowa. Ana shiga ɗanye ta INT 21h aiki na 44h: a karanta bayanin na'urar da 4400h, a kunna bit na 5, a mayar da 4401h tare da DH a sifili, sannan a yi rubutu da aiki na 40h. Manhajar gwaji ta mayar da yanayin yadda ta same shi kafin ta fita. Teburin da ya dace yana nuna dafaffe da ɗanye gefe da gefe, domin mai amfani da DIR da TYPE dafaffe yake gani kullum.

TAMBAYA: Da na kunna zaɓin sauri sai allon ya riƙa yayyafin fararen ɗigo yayin rubutu. Katin ne ya lalace?

AMSA: Lafiyarsa ƙalau. Halin CGA na IBM ne a yanayin harafi 80. Furosesa da sashen da ke zana hoto suna rububin ma'ajiya ɗaya. Idan furosesa ya taɓa ta daidai lokacin zane, abin da ke kan layin bayanai shi ake zanawa a madadin harafi. BIOS yana kauce wa haka ta jiran ɗan hutun da ke tsakanin layukan zane, yana duba bit na 0 a ƙofa 3DAh, kuma hutun bai fi ya ɗauki harafi guda ba. Lokacin gungurawa ma kashe hoton yake yi gaba ɗaya, shi ya sa allon CGA yake ƙyaftawa. Direban da ya daina jira dole ya yi sauri, amma ya biya da yayyafi. MDA da Hercules da EGA da VGA ba su da wannan ciwo, a kansu jiran asara ce kawai. Don haka a rubuta a teburi ko ana jira ko ba a jira, kuma kada a kwatanta mai jira da marar jira.

Akwai wata dabarar da ya kamata mai awo ya sa wa ido. Maimakon kwashe bayit 3,840, wasu direbobi suna canza adireshin farawa ne a rajista ta 12 da ta 13 na guntun allo, hoton ya zame layi ɗaya ba a kwashe komai ba. A EGA da VGA tagar rubutu kilobayit 32 ce, tana ɗaukar layi 204, sai an kusa ƙarshenta ake kwafa sau ɗaya. Fayil na biyu zai nuna saurin da zai ba ka mamaki. Illar ita ce manhajar da ta ɗauka allo yana farawa daga B800:0000 za ta yi rubutu a inda ido ba ya gani. Bayan kowane gwaji ka buɗe manhajojin da kake aiki da su kullum, ba tare da CLS ba, ka ga ko sun fito daidai.

TAMBAYA: Wannan awon zai yi a Atari ST? Ina so in gwada Quick ST da Turbo ST, manhajojin ƙara saurin allo na can.

AMSA: Tsarin zai yi, amma lissafin ya bambanta. ST ta 1985 ba ta da yanayin rubutu. Kowane harafi zane ne. A allon baƙi da fari mai 640 da 400, hoton bayit 32,000 ne, harafi ɗaya mai 8 da 16 yana cin rubutu 16, gungurawar layi ɗaya kuma bayit 30,720 ce, ninki 8 na PC. Shi ya sa irin waɗannan manhajoji suka yi kasuwa a can. Hanyoyin su ma uku ne, kowacce a auna ta dabam: Cconws na GEMDOS (takwaran DOS a ST), Bconout na BIOS, da v_gtext na VDI (sashen zane) wanda manhajojin tagogi suke bi. A v_gtext ka gwada rubutun da ya fara a gurbin da 8 ke rabawa da wanda bai fara a nan ba, domin na biyun sai an gusa bit-bit. Agogon ya fi na PC kyau, bugu 200 a daƙiƙa a adireshin $4BA. Idan Mega ST ce ko STE, ka rubuta ko guntun Blitter, mai gaggauta kwafar hoto, yana kunne. Ka kuma lura cewa Quick Index, manhajar awon da aka fi sani a ST, daga gidan da ya yi Quick ST ta fito, don haka ka haɗa da naka fayilolin.

TAMBAYA: Ba ni da tsohon inji. DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfuta a kan ta zamani, zai wadatar?

AMSA: Ba zai ba ka lokacin da za a dogara da shi ba. DOS da BIOS ɗinsa na cikin gida ne, kwamfutar zamani ce take gudanar da su da nata ƙarfi, don haka hanyar da direban ya zo taƙaitawa babu ita. 86Box da PCem sun fi kusa, domin suna ɗora BIOS na ainihi da DOS na ainihi kuma suna kwaikwayon jinkirin katin allo. A cikinsu ka zaɓi inji da kati takamaimai, misali 8088 mai 4.77 MHz da CGA, ka tabbata ma'aunin gudu yana nuna kashi 100 cikin 100 har gwajin ya ƙare, kuma ka ɗauki lokaci da agogon cikin injin da ake kwaikwayo, kada ka ɗauka da na hannunka. Idan 386 ka zaɓa, ka duba a saitin BIOS ko an kwafe BIOS na katin allo zuwa RAM, domin wannan zaɓi kaɗai yana canza lokacin INT 10h, sai ka rubuta shi a saman teburinka tare da sunan katin da lambar DOS.