Ana iya auna fili ko tsayin gini da hoton sama na karkace?

Tambaya: Assalamu alaikum. A taswirar intanet nakan ga biranen Turai da Amurka an ɗauke su daga sama a karkace, har bango da tagogi suna fitowa. Amma idan na karkatar da Zariya sai gidajen su kwanta shafe da ƙasa. Me ya jawo haka? Sannan zan iya auna fulotin da ake tallata mini, ko tsayin hasumiyar masallacinmu, da irin wannan hoto? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abubuwa biyu ne ka gani, kuma duk da sun yi kama a fuskar waya, ba hanya ɗaya aka samo su ba.

Na Turai da Amurka hoton karkace ne na gaske. Ƙaramin jirgin sama ne ke shawagi ƙasa-ƙasa da kyamarori, galibi biyar: ɗaya na kallon ƙasa tsaye, huɗu na kallon gaba, baya, dama da hagu a kusurwar digiri 40 zuwa 45. Kamfanin Pictometry na birnin Rochester a jihar New York ne ya yi fice a wannan sana'a, kuma hotunansa Microsoft ya sa a taswirarsa tun ƙarshen 2005, abin da aka sani da Bird's Eye a Bing Maps. Google ma ya kawo nasa mai digiri 45, sannan daga 2012 ya fara harhaɗa irin waɗannan hotuna yana fitar da surar gine-gine mai tsayi da faɗi da kauri. Aiki ne mai cin kuɗi, shi ya sa ake yi wa manyan biranen da akwai masu saye. Yawancin garuruwanmu hoton tauraron ɗan'adam kawai suke da shi. Idan ka karkatar da shi a Google Earth, manhajar tana shimfiɗa hoton ne kamar tabarma a kan bayanan tudu da kwari na ƙasa. Dutsen Dala a Kano zai ɗan taso, domin tudu ne, amma bene mai hawa uku zai kwanta, saboda ba a taɓa ɗaukar bangonsa ba.

To batun awo. Hoton karkace don ganewa aka yi shi: hawa nawa ne ginin, ina ƙofa take, rufin kwano ne ko na kankare. Wajen auna ƙasa kuwa, shi ne ya fi yaudara, domin ma'auninsa ba ɗaya ba ne daga ƙasan hoto zuwa samansa. Abin da ke kusa da kyamara yana girma, na nesa yana ƙanƙancewa. Ko a tsakiyar hoton, tsawon da ya miƙe yana nesanta da kyamara yana tsukewa: a digiri 45, fili mai mita 10 kowane gefe zai fito kamar 10 a faɗi, 7 a tsawo. Wanda ya ɗora rula a kan fuskar kwamfuta ya lissafa, asara zai yi.

Sai ka ce, to yaya jami'an harajin gidaje da kamfanonin inshora da masu gyaran rufi a Amurka suke aunawa da shi? Su ba hoton kaɗai suke saya ba. Kowane hoto yana zuwa da bayanin inda kyamara take a daƙiƙar da ta ɗauka, wanda GPS ya bayar, da yadda jirgin ya karkata, da kuma tsayin ƙasar wurin. Idan ma'aikaci ya danna gindin gini, manhajar tana jan layi daga kyamara zuwa inda ya taɓa ƙasa, ta san wurin. Ya danna saman ginin, ta lissafa tsayi. Taswirar kyauta ba ta miƙa maka waɗannan bayanai. Abu mafi kusa da haka shi ne Google Earth Pro na kwamfuta, wanda ya zama kyauta a 2015: rularsa tana auna tsayi, amma sai a biranen da aka yi wa surar gine-gine.

Don fulotinka, mayar da hoton ya kalli ƙasa tsaye, arewa a sama, sannan ka ɗauki abin awo na manhajar. A Google Maps na kwamfuta, danna maɓallin dama na linzami a kan wuri, zaɓin auna nisa zai fito. Idan ka zagaye filin ka dawo inda ka fara, zai ba ka girmansa a murabba'in mita. Amma ga inda mutane ke faɗawa rami: hoton da ake kira tsaye ɗin ma ba tsaye yake sak ba. Tauraron yakan leƙo daga gefe, shi ya sa dogayen gine-gine suke kamar sun jingina. Idan ya karkata da digiri 20, rufin ginin mita 10 zai gusa daga gindinsa da kusan mita 3.6, kan katangar mita 2.5 kuma da kusan mita ɗaya. Saboda haka gindin katanga za ka bi, inda ta haɗu da ƙasa, kada ka bi bakin kwano ko gefen inuwa.

Ko ka kiyaye wannan, akwai iyaka. Mafi kyawun hotunan tauraro na kasuwa, irin na WorldView-3 da aka harba a 2014, ɗigo ɗaya nasu yana wakiltar kimanin santimita 30 a ƙasa, wasu kuma rabin mita. Fuloti mai ƙafa 50 a 100 wajen mita 15 ne a 30, murabba'in mita 450 ke nan. Ka kuskure da rabin mita a kowane gefe, ya koma 16 a 31, wato 496, ƙarin kashi 10 cikin ɗari. A gona mai hekta biyar wannan kuskure ba komai ba ne, a fuloti kuwa ya isa ya haɗa ka rigima da maƙwabci. Ka kuma duba ranar da aka ɗauki hoton, don wani ya shekara biyu ko uku, an riga an yi gini inda kake ganin fili fetal. Ni a ganina, amfanin wannan awo shi ne ka gane ko dillali ya zuzuta girman filin, da inda hanya da kwazazzabo suke. Kafin ka biya kuɗi, safiyo mai rajista ya je ya duba duwatsun iyaka, a kuma bincika takardun a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Kaduna, tunda Zariya a jihar Kaduna take.

Hasumiya kuwa akwai dabara, ita ce inuwa. A hoto ɗaya rana tana kusurwa ɗaya, don haka duk abin da ke tsaye inuwarsa daidai gwargwadon tsayinsa take. Nemi abin da ka san tsayinsa a kusa, misali katanga mai mita 2 da inuwarta ta kai mita 3 a hoton. Idan inuwar hasumiya mita 27 ce, tsayinta mita 18 ke nan. Auna daga gindin hasumiyar zuwa ƙarshen inuwa, kuma inuwar ta faɗi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ba a kan rufin wani gida ba. Abin gwajin ya fi kyau ya zama dogo, kamar falwayar wuta ko tankin ruwa, domin gajeriyar inuwa ɗigo kaɗan ce, kuskurenta kuma ninkuwa yake yi a lissafi.