Ina da taro a Faransa, zan iya leƙa yayana a Ingila da biza ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar jami'a ce a Bauchi. An gayyace ni taron kwana biyar a Paris, saura mako takwas. Yayana yana Landan, rabona da shi shekara shida, kuma Hajiyarmu ta matsa sai na je na gano shi da yaransa. Wani ejan ya ce bizar Faransa ta wadatar, in hau jirgin ƙasa in je, in dawo in kama jirgina a Paris. Hankalina bai kwanta ba. Kuɗin da na tara ba yawa, ina tsoron in yi biyu babu. In ƙara Ingila ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Alhamdu lillahi da hankalinki bai kwanta ba, domin abin da ejan ɗin nan ya gaya miki ƙarya ce. Bizar Faransa ba ta shigar da kowa Ingila, kuma ba ta taɓa yi ba.

Da wuya rana ta fito ta faɗi wani bai shigo ofishina da wannan magana ba: "Ai duk Turai ce." Na san inda ta samo asali. Mun saba da ECOWAS, inda tun yarjejeniyar 1979 ɗan Najeriya ke shiga Gana ko Benin ya yi kwana 90 ba biza. Ga shi kuma an ji cewa bizar Shengen, wato bizar haɗin gwiwar wasu ƙasashen Turai wadda ita ce Faransa za ta ba ki, tana buɗe ƙasashe da yawa. Wannan gaskiya ne, 29 ne a yanzu, har da Suwizalan da Norway waɗanda ba sa cikin Tarayyar Turai. Ingila dai ba ta ciki. Wasu su ce ai ficewarta daga Tarayyar a 2020 ce ta jawo haka. A'a, ko lokacin da take cikin Tarayyar ba ta shiga Shengen ba.

Jirgin ƙasan da ya yi miki kwaɗayinsa yana nan, Eurostar, awa biyu da 'yan mintuna daga Paris zuwa Landan ta ƙarƙashin teku. Abin da bai faɗa miki ba shi ne, jami'an shige da fice na Birtaniya a cikin tashar Paris ɗin suke zaune. Sai sun duba fasfonki kafin ki ga ƙofar jirgin. Ba bizarsu, daga nan za ki juya da jakarki.

To amma wannan matsalar mai sauƙi ce, tunda a Paris za a tsayar da ke, inda masaukinki yake. Wadda ke hana ni barci ita ce ta biyun, wadda ko masu bizar Ingila a hannu take cinyewa. Idan an manna miki bizar Shengen, duba layin adadin shiga. Za ki ga 01, ko 02, ko MULT, wato shiga sau da yawa. In 01 ce, shiga ɗaya kike da ita. Daga Faransa ki je Beljiyam ko Jamus ki dawo, ba ki fita ba, duk gida ɗaya ne. Amma ranar da kika tsallaka Ingila an rubuta kin fita, bizar ta mutu ko da saura kwana ashirin a jikinta. Mutane ranar ƙarewa suke kallo, su ga da sauran lokaci, su saki jiki. Ba mai kallon wancan ɗan layin.

Shekara biyu da suka wuce wani bawan Allah ɗan kasuwa ya kira ni ƙarfe biyun dare daga Landan. Bizar Ingila yana da ita, ta Shengen ɗinsa 01 ce. Ya je wurin ɗansa, ya zo komawa Paris aka hana shi. Akwatinsa biyu suna otal a Paris, maganin hawan jininsa yana ciki, jirginsa na gida kuma daga can zai tashi washegari. Ya ce to a nema masa jirgin da zai sauke shi filin jirgin Paris ya sauya kawai. Shi ma bai yiwu ba, domin Najeriya tana cikin ƙasashen da ko sauya jirgi a filayen Shengen sai da bizar wucewa, in ba mutum yana riƙe da wata takarda mai rai da ta ɗauke masa ba. Sabon tikiti ya saya da tsada. Wanda ya shirya masa tafiyar kuwa wayarsa a kashe.

Nan ne raina ke ɓaci. Mutum ba ofis, ba rajista, lambar WhatsApp kawai, bai taɓa wuce filin jirgin Abuja ba, amma yana yanke wa mutane hukunci a kan iyakokin ƙasashe. Su ne masu cike fom da otal na bogi da takardar banki ta aro, su ce kowa haka yake yi. Fom ɗin da sunanki yake, Malama, yatsunki ne a jikinsa. Birtaniya tana iya hana mutum shiga har shekara 10 idan ta kama shi da takardar ƙarya, kuma ba ta tambayar wa ya cike masa. Ku ji tsoron Allah, masu wannan sana'a. Gumin mutane ne, wani albashin shekara ya tara, wani gona ya sayar. Kalmar "ban sani ba" ba ta rage wa kowa daraja.

Yanzu ga lissafinki. Mako takwas ba yawa. Bizar Shengen takan ɗauki kwana 15, tana iya kai 45. Ta ziyarar Ingila kusan mako uku. Fasfonki zai zauna a hannun masu bizar Faransa har su yanke hukunci, kuma ba za ki je ɗaukar yatsun Ingila ba fasfo ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Ga zuwa Abuja sau biyu ta hanyar Jos, da masauki, da Yuro 90 na bizar Shengen wanda ba a mayarwa in an hana ki, da kuɗin inshorar lafiya wadda dole ce, mai ɗaukar nauyin jinya na aƙalla Yuro 30,000.

Fara da Faransa a makon nan, tunda taron shi ne dalilin tafiyar. In fasfo ya dawo da saura mako huɗu ko fiye, nemi ta Ingila da takardar gayyata daga yayanki. Tikiti kuma kada ki yi shi zuwa da dawowa ta Paris. Yi Abuja zuwa Paris, sannan Landan zuwa Abuja a jirgin da ke zuwa kai tsaye. Da haka ko 01 aka ba ki ta ishe ki. Sai dai ki sayi wanda ake iya sauyawa, don in Ingila ta hana ki a mayar da dawowar Paris.

In kuwa fasfon ya makara, ki haƙura da Ingila a wannan karon, ki yi wa Hajiya bayani. Yayanki shi zai fi sauƙin zuwa ya same ki a Paris da jirgin ƙasan nan. In fasfon Birtaniya yake riƙe da shi ba ya buƙatar biza. In na Najeriya ne da takardar zama, shi ma sai ya nemi ta Shengen a can Landan, don haka ki kira shi yau ki tambaye shi wanne yake da shi.