Tambaya da Amsa: Wane lasisi ake buƙata kafin a yi dillancin gidaje da filaye?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Tudun Wada, Zariya. Na daɗe ina bin kawuna wajen nema wa mutane gidan haya da fuloti, yanzu ina so in buɗe ofis nawa. Wani ya ce mini sai da lasisi, wani kuma ya ce babu ruwan gwamnati da dillali. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kowannensu ya kama wani gefe ne na maganar, domin sana'o'i biyu ne mutane ke haɗawa wuri guda.

Akwai ƙwararren masanin ƙimar gidaje da filaye, wanda doka ta san da shi. Hukumar da ke yi masa rajista ita ce ESVARBON, wadda dokar soja mai lamba 24 ta 1975 ta kafa, ƙungiyarsu kuma ita ce NIESV da aka kafa a 1969. Hanyar shiga doguwa ce: digiri ko babbar difloma a fannin kula da kadarori, kamar yadda ake koyarwa a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ta Nuhu Bamalli a nan Zariya, sai aiki a ƙarƙashin wanda ya riga ya samu rajista, sai jarrabawar ƙungiya, sannan hukuma ta gana da kai ta ba ka hatimi. Mai wannan hatimi ne kaɗai zai sa hannu a rahoton ƙimar gida wanda banki ko kotu za su karɓa. In ba ka bi wannan hanya ba, kada ka rubuta wannan laƙabi a allon ofishinka, laifi ne.

Abin da kai da kawunka kuke yi, wato haɗa mai gida da ɗan haya ko mai saye da mai sayarwa a karɓi la'ada, babu wani lasisi guda na tarayya da ake yankar masa. Jihar Legas ta kafa hukumarta, LASRERA, ta wajabta wa dillalanta rajista, amma wannan na Legas ne. Sai dai rashin lasisin bai sa doka ta ɗauke ido daga kanka ba.

Fara da yi wa sunan ofishinka rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka karɓi lambar biyan haraji. Daga nan sai SCUML, sashen da ke ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan halatta kuɗin haram. Dillalan gidaje na cikin waɗanda dole su yi rajista da shi, kuma banki zai nemi takardarsa kafin ya buɗe maka asusun kasuwanci. Nan ne na fi ganin 'yan'uwanmu suna sakaci. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, kamfani kuma miliyan 10. Yau a Hanwa ko Samaru gida nawa ne bai wuce wannan ba? Amma har yanzu za ka ga an zauna a zaure, an zazzage buhu a kan tabarma, dillali na taya ƙirga. Ranar da aka bi sawun kuɗin, da shi za a fara. Ka sa a tura ta banki, ka ajiye kwafin katin shaidar mai saye da mai sayarwa.

Idan kana son horo da katin zama memba, NIESV ta kafa ƙungiyar dillalai mai suna AEAN domin waɗanda ba su yi karatun fannin ba. Ina ba ka shawarar shiga.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda babu takardar ofis da za ta tsare ka daga gare shi. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filayen birni suna hannun gwamna, kuma sayar da fili mai takardar mallaka sai da amincewarsa. A jihar Kaduna, KADGIS ce ke riƙe da bayanan filaye, KASUPDA kuma ke ba da izinin gini. Kafin ka kai kowa ya ga fuloti a Ɗan Magaji ko bayan Kwangila, a binciki fayil ɗinsa a KADGIS, a tabbatar sunan da ke takarda shi ne na mai sayarwa, kuma filin bai hau hanya ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki ba. Sa hannun mai unguwa yana da amfani, shi ya san iyakoki da maƙwabta, amma ba ya maye gurbin wannan bincike.

Gidajen cikin ganuwa kuwa, yawancinsu na gado ne. Ɗa guda zai zo maka da tsohuwar takarda ya ce 'yan'uwa duk sun yarda. Kada ka karɓi wannan a baki. Ka nemi takardar rabon gado daga kotu, ka ga magada ido da ido, har da mata da suke gidajen aure da wanda ke aiki a Abuja. An sha sayar da gida, bayan shekaru ƙanwa ta dawo ta ce ba da ita aka yi ba, kuma dillali ake fara kira gaban alƙali.

Game da la'ada, a yanke ta tun kafin ciniki, a rubuta nawa ne da wanda zai biya. Kada mai fili ya ce miliyan 4 kai ka faɗa wa mai saye 5 ka ɓoye ragowar, wannan cin amana ne a shari'a da doka. Yarjejeniyar sayarwa kuma aikin lauya ne, ka bar masa. Kuɗin hayar da ka karɓa daga ɗaliban Samaru a madadin mai gida, ka yanka rasit nan take, kada ya kwana a asusun da kake cefane da shi.