Kaunti a Kenya ta fi kama da jiha

Malam kana tambaya ko kaunti a Kenya daidai take da ƙaramar hukumarmu? A'a gaskiya, ta fi kama da jiha. Tsarin mulkin 2010 ne ya kawo su, guda 47, kowacce da gwamnanta da majalisarta, kuma dole a basu aƙalla kashi 15 na kuɗin shigar ƙasa. Ka duba kauntin Makueni zamanin Gwamna Kibwana, mangwaro na ruɓewa a gona dillalai na kwasa a wulaƙance, sai aka gina masana'antar matse shi a Kalamba a 2017, ga kuma katin asibiti shilin 500 kacal a shekara duk gida ɗaya. Matsalar dai kuɗin da gwamnatin ƙasa ke turowa daga Nairobi kan makara, sai kaji albashin ma'aikatan jinya ya tsaya cik.