Tambaya da Amsa: Fitilar kekena tana kashe wa mutane ido, in rage ta ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, don Allah a taimaka min da shawara. Na sayi fitilar keke mai caji, a kwalinta an rubuta lumen 1200 (lumen shine ma'aunin yawan haske), wallahi tunda na ɗaura ta ba ramin da yake ɓoye min da daddare, to amma masu mota sai su riƙa danna min hon suna watso min ful layit, masu tafiya a ƙasa kuma suna kare fuska da hannu, wani ma har zagina yayi. Ni kuma gani nake ai ƴar ƙaramar fitila ce ina ta kai ta mota, kuma gara a ganni da a buge ni. In rage hasken ne ko in rabu dasu?
Daga wani mai karatu

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka rabu dasu, gaskiyarsu ce, kuma ba ƙarya kayi ba da kace gara a ganka. Amma batun ƙaramar fitila ce cire shi a ranka, ƙwan fitilar mota guda ɗaya irin na halojin, wato ƙwan da aka saba gani a motoci, in yana kan dim wajen lumen 1000 yake bayarwa, kaga in dai abin da aka rubuta a kwalin nan gaskiya ne to taka tama ɗara shi. Kuma duk wannan hasken daga wani ɗan mitsitsin ƙwan LED yake fitowa, shi yasa yake soka ido haka.

Inda matsalar take shine ina hasken yake zuwa. Fitilar mota an ƙera ta ne yadda in aka sa dim hasken zai yanke daga sama ya kwanta a kan titi, haska bango da ita zaka ga layi, ƙasa haske sama duhu. Mafi yawan fitilun keke kuwa kamar tocila suke, zagaye suke watsa haske, in ka saita ta miƙe to kusan rabin hasken sama yake tafiya, fuskar direba da ta mai tafiya a ƙasa da madubin motar da ke gabanka, wato kai kullum a ful layit kake tafiya baka sani ba, ga batir yana ƙarewa a banza wajen haska iska.

Abin da nafi so ka gane kuma, wanda ka dalle wa ido baya ganinka fa, haske kawai yake gani. Bai san keke bane ko babur ne, bai san nisanka ba, baya ganin yaron da zai tsallaka a bayanka ko gefen titi, kuma bayan kun wuce juna idonsa sai ya ɗau wasu daƙiƙu kafin ya dawo daidai, ga dattawa da masu yanar ido abin yafi daɗewa. Motar da take gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a duk sakan ɗaya, lissafa da kanka sakan 3 na makanta mita nawa kenan, kuma kai ne mafi kusa da ita, baka da ƙarfe a jikinka baka da komai. Wannan abin yana damuna sosai, mutum ya kashe kuɗinsa don ya tsira amma fitilar ita ke jawo masa haɗarin.

Gyaran baya cin minti biyar. Ka tsayar da keken mita 5 daga bango da daddare, ka kunna, ka sunkuyar da kan fitilar har tsakiyar hasken da ke jikin bangon ya sauka a rabin tsayin fitilar daga ƙasa, haka zai sa ya taɓa kwalta wajen mita 10 a gabanka. Sannan ka jingine keken ka taka gaba ka juyo ka kalle shi kamar kai ne mai tahowa, ka ɗan durƙusa ma don direban ƙaramar mota a zaune yake ƙasa ƙasa, in idonka ya kasa jurewa to na wani ma haka. Ka ɗaure maƙallin da kyau don gargada tana ɗaga shi a hankali.

Cikin gari inda akwai fitilun titi lumen 200 zuwa 400 ya isheka, 1200 ɗin nan ka ajiye shi sai hanya mai duhu da ba kowa, da ka hango wani ka rage ko ka ɗan kare saman da tafin hannu. In zaka sake saye nemi wadda aka rubuta StVZO a jiki, dokar hanya ce ta Jamus, fitilun da suka cika sharaɗinta suna yanke haske daga sama irin na dim ɗin mota.

Fitila mai walƙiya ɗin nan kuma, wato mai kawowa tana ɗaukewa, ni bana goyon bayanta a gaba da daddare, tana hana mutum auna nisanka. A Jamus an hana ɗaura ta a jikin keke, a Birtaniya an halatta tun 2005 amma da sharaɗin walƙiya 1 zuwa 4 a sakan. Da rana kam tana da amfani. Ta kan hular kwano ma a kula, duk wanda ka kalla ka haske masa ido kenan. Kuma baka ambaci jar fitilar baya ba a wasiƙarka, in babu ka saka ta kafin fitarka ta gaba, ita ma matsakaiciya mara walƙiya sosai don kar ka takura wa mai keken da ke binka.