Wata Goma Sha Ɗaya Ina Jiran Lamunin Gida: A Ina Fayil Yake Maƙalewa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Kano, shekaruna 41, kuma shekara goma sha huɗu ke nan ana cire kuɗi daga albashina ana zubawa a Asusun Gidaje na Ƙasa. Bara na sami gida mai ɗaki uku a wata unguwa, muka daidaita da mai shi a kan naira miliyan 11, na ba shi miliyan ɗaya kafin alƙalami, sannan na nufi wani bankin lamunin gidaje domin a ranta mini sauran. Na kai takardun albashi, da bayanan asusuna, da shaidar biyan haraji, da hotuna, da kofin takardar mallakar gidan, wadda take ɗauke da sunan mahaifin mai sayarwar, Allah ya jiƙansa. Yau wata goma sha ɗaya, duk ranar da na je sai a ce mini fayil yana sama, ko kuwa ana jiran sa hannu. Sau biyu ana sa ni in sake kawo wasu takardun saboda wai sun tsufa. Yanzu mai gidan ya ce ko in ƙara masa kuɗi ko ya sayar wa wani. Shin haka abin yake ga kowa, ko kuwa wani abu ake so in bayar? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Na karanta wasiƙarka fiye da sau ɗaya, kuma na ji nauyin halin da kake ciki, domin mutumin da ya ba da guminsa kafin alƙalami, ga kuɗin haya yana biya, ga iyali suna tambayar yaushe za a tare, ba ya samun barci mai daɗi. Tun da farko zan faɗa maka abin da na hango: bisa ga bayaninka, kullin bai tsaya a kan takardun albashinka ba, yana cikin jimla ɗaya da ka rubuta kamar a wucewa, wato cewa takardar gidan tana ɗauke da sunan mamaci.

Banki ba ya ba da bashin gida saboda mutuncin mai nema kawai. Yana bayarwa ne saboda yana da abin da zai riƙe jingina, wanda doka za ta ba shi damar sayarwa idan biya ya gagara. A Nijeriya kuwa, tun daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, kuma abin da ɗan ƙasa yake riƙewa shi ne haƙƙin zama da amfani, wanda galibi ake bayarwa na shekara 99 ta takardar da aka fi sani da C of O. Sashe na 22 na dokar ya hana mai wannan haƙƙi ya sayar, ko ya jinginar, ko ya miƙa shi ga wani ba tare da amincewar gwamna ba. Bankuna sun ɗanɗana kuɗarsu a kan wannan sashe: a 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta yanke cewa jinginar da aka ƙulla ba tare da amincewar gwamna ba ba ta da ƙarfi a gaban doka, ko da yake an riga an karɓi kuɗin. Tun daga lokacin babu lauyan banki da zai yarda a saki ko sisi a kan gidan da takardarsa take da tangarɗa.

To, duba matakan da gidanka yake bukata. Wanda ya sayar maka ba shi ne mai suna a takarda ba, saboda haka sai an fara tabbatar da cewa gidan ya faɗo a rabonsa shi kaɗai, ko kuma dukkan magada sun yarda a sayar, kuma shaidar hakan ita ce takardar rabon gado daga kotun shari'ar Musulunci, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga babbar kotu. Bayan wannan sai a rubuta takardar miƙa mallaka daga magada zuwa gare ka, a kai ta ma'aikatar ƙasa domin neman amincewar gwamna, a biya harajin kan sarki, a yi mata rajista. Sannan ne za a rubuta takardar jingina tsakaninka da banki, ita ma tana bukatar amincewar gwamna da harajin kan sarki da rajista. A kowane mataki za a duba ko akwai bashin kuɗin ƙasa da ya taru a kan filin, wanda a gidajen gado yakan kai na shekaru masu yawa, domin sau da yawa magada ba su ma san ana biyansa ba. Dokar ta yarda gwamna ya wakilta kwamishina ya sa hannu a madadinsa, kuma jihohi da dama suna yin haka, amma duk da haka fayil yana bi ta teburori masu yawa kafin ya isa gaban mai sa hannun.

Ina kyautata zaton a ɗaya daga cikin waɗannan matakai fayil ɗinka yake kwance, kuma a nan ne nake ganin bankin bai kyauta maka ba. Kalmar nan ta "yana sama" ba amsa ba ce ga mutumin da ya biya kuɗin cike fom da na binciken lauya. Ya kamata tun makon farko a zaunar da kai a ce maka ba za a iya ci gaba ba sai an warware maganar gadon, maimakon a bar ka kana safa da marwa kana sabunta takardun da ba su ne matsalar ba.

Sabunta takardun kuwa yana da dalilinsa, ko da yake yana da ciwo. Banki yana son takardun albashi na watanni uku na baya-bayan nan, da bayanan shige da ficen kuɗi na asusu na watanni shida zuwa shekara, da shaidar biyan haraji ta shekara uku da suka gabata, kuma duk waɗannan suna tsufa da wucewar lokaci. Rahoton masanin ƙimar gidaje ma haka yake, musamman a lokaci irin na 2024 da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, inda ƙimar da aka yi wa gida a farkon shekara ba ta dace da kasuwa a ƙarshenta. Muddin takardar ƙasa ba ta daidaita ba, sauran takardun za su yi ta tsufa kana sake su.

Akwai kuma jinkirin da yake cikin tsarin lamunin kansa. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992 kuma ake cire wa ma'aikacin gwamnati kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashinsa dominsa, yana ƙarƙashin Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, wato FMBN. Mai neman lamunin sayen gida ba ya zuwa can kai tsaye, sai ta hannun ƙaramin bankin lamunin gidaje da aka amince da shi, wanda zai tantance shi, ya haɗa fayil ɗinsa da na wasu, ya tura Abuja, sannan ya ba da nasa tabbacin kafin a sako masa kuɗin. Ƙofa biyu ke nan, kowace da nata layin. Mutane suna jure wannan ne saboda kuɗin ruwan kashi 6 ne cikin ɗari, kuma ana iya biya har tsawon shekara 30, alhali bankunan kasuwanci suna neman fiye da kashi 20. Wani abin da yake tsayar da fayil a nan shi ne idan ma'aikata ta cire kuɗin daga albashi amma ba ta tura shi asusun ba, ko ta tura ba tare da jerin sunaye ba. Ka je ofishin FMBN na jiharka ka karɓi bayanin abin da aka zuba da lambarka, ka gwada shi da takardun albashinka. Ka kuma duba sunanka a katin ɗan ƙasa, da lambar BVN, da takardar ɗaukarka aiki, domin bambancin Muhammad da Mohammed, ko na ranar haihuwa, ya isa ya sa a dawo da fayil.

Kada ka ɗauki jinkirin a matsayin ɓata lokaci kawai, domin yana cin kuɗi. Ƙa'ida ita ce abin da za a riƙa cirewa kowane wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashinka, kuma a gama biya kafin ka yi ritaya, wato a shekara 60 na haihuwa ko 35 na aiki. Naira miliyan 10 a kan kashi 6 cikin ɗari, idan za a biya a shekara 20, tana kamawa kusan naira dubu 72 a wata, idan kuwa a shekara 15 ne sai ta haura dubu 84. Duk shekarar da ta wuce tana rage maka wa'adi tana ƙara nauyin biyan wata, har ta kai banki ya ce albashinka ba zai ɗauki adadin da ka nema ba.

Ga abin da nake ba ka shawara ka yi, kuma a cikin makon nan. Ka rubuta wa manajan bankin wasiƙa, ka nemi a faɗa maka a rubuce matakin da fayil ɗin yake, da takardun da suka rage, da ko an tura shi FMBN ko ba a tura ba. Ka sa a buga hatimi a kofinka da kwanan wata. Idan mako biyu ya wuce ba a ba ka amsa mai gamsarwa ba, kana da damar kai ƙorafi sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Nijeriya, tare da kofin wasiƙar. A lokaci guda ka ɗauki lauya naka na kanka, domin lauyan banki bankin yake wa aiki, ya je hukumar KANGIS mai kula da bayanan filaye a Kano ya yi bincike a kan lambar takardar gidan, ya gano ko an taɓa jinginar da shi, ko akwai ƙara a kansa, da nawa ne bashin kuɗin ƙasa. Masu karatu na Kaduna za su yi wannan a KADGIS, na Abuja kuma a AGIS.

Maganar mai gidan tana bukatar hikima. Ka same shi tare da lauyanka da wani dattijo da yake jin nauyinsa, ka nuna masa cewa rabin jinkirin daga ɓangarensa yake, kuma duk wanda zai sayi gidan da kuɗin banki zai ci karo da wannan katangar. Ku rubuta sabuwar yarjejeniya da ta ƙayyade wa'adi, ta faɗi wanda zai biya kuɗin gyara takardun gado, ta kuma bayyana cewa za a mayar maka da miliyan ɗayanka idan cinikin ya rushe saboda matsalar takarda. Dukkan magada su sa hannu, mata da maza, har da waɗanda suke aure a wasu garuruwa, domin 'yar'uwa ɗaya da ba a tuntuɓa ba tana iya tsayar da cinikin a kotu bayan ka tare. Idan ya ƙi wannan, to, karɓo kuɗinka ka nemi gidan da takardarsa take da sunan mai sayarwa ya fi maka alheri, ko da ranka ya riga ya kwanta da wannan.

Game da tambayarka ta ƙarshe, ban ba ka shawarar ba da na goro ba. Haramun ne, laifi ne a doka, kuma ba zai mayar da sunan mamaci ya zama naka ba. Duk kuɗin da aka ce ka biya, ka nemi a rubuta maka sunansa da adadinsa, ka biya ta asusun hukuma, ka karɓi rasit.

Wannan amsa ta shafi sauran masu karatu da yawa, musamman waɗanda abin da suke riƙe da shi shi ne takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da dillali da shaidu. Wannan takarda tana da amfaninta wajen nuna an yi ciniki, amma banki ba ya karɓarta jingina. Mai irinta sai ya fara da safiyo da taswirar fili da neman takardar mallaka, tun kafin ya taka ƙofar banki.

TAMBAYA: Ni ma'aikaciyar jinya ce a Zariya, kuma ina guje wa bashi mai ruwa. Idan na bi ta bankin da ba ya mu'amala da riba, shin takardun sun fi sauƙi? Kuma ba ni da kuɗin da zan fara ajiyewa.

AMSA: Hajiya, Allah ya saka miki da alheri a kan wannan niyya. Bankuna irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, da TAJ da ya biyo baya a 2019, suna amfani da hanyoyi kamar ijara, inda banki yake sayen gidan ya ba ki haya har ki mallake shi, ko musharaka mai raguwa, inda kuke tarayya a gidan kina sayen kason bankin sannu a hankali. Sai dai takardun ba su raguwa, domin bankin da zai sa kuɗinsa a cikin mallakar gida ya fi kowa bukatar takardar ƙasa mai tsabta, kuma amincewar gwamna tana nan daram. Game da kason da ake so ki fara biya, tun 2022 Hukumar Fansho ta Ƙasa ta ba masu asusun fansho damar cire har kashi 25 cikin ɗari na abin da suka tara domin wannan bukata, da sharaɗin an zuba musu kuɗi na aƙalla wata 60. Kamfanin da yake kula da fanshonki zai nemi takardar tayin sayar da gidan da takardar amincewar bankin, kuma kuɗin ba ya shiga hannunki, ana tura shi kai tsaye ga bankin da zai ba da lamunin, saboda haka ki fara tabbatar da cewa bankin da kika zaɓa yana cikin jerin waɗanda hukumar ta amince da su.